Neman Duhu a Ƙasar Sakkwato

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce. Shekara goma sha ɗaya ina bin amare da angwaye tsakanin Zariya da Kaduna da kyamara a wuya, da ita nake ci da iyalina. Amma shekara uku ke nan da wani abu ya shiga raina ya ƙi fita, wato ɗaukar hoton gajimaren da ke can tsakanin taurari, wanda masana ke kira nebula. Ba gajimaren ruwa ba ne. Tarin iska ne da ƙura mai faɗin da hankali ba ya iya kamawa. A cikin wani ake haifar sababbin taurari, wani kuma ragowar tauraron da ya mutu ne. Na sha gwadawa daga saman bene a Sabon Gari, sai dai fitilun titi da na gidajen mai sun mayar da saman Zariya ruwan toka, duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar an wanke shi da ruwan kanwa.

Wani abokina da muka yi makaranta tare, malamin firamare ne a wani ƙauye gaba da Boɗinga, shi na kai wa kukana a waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In duhu kaka biɗa, taho garinmu. Muna da shi har ya yi muna yawa." Maganar ta zauna mini a rai, kuma sai da na je na gane nauyinta.

Zaɓen lokaci shi ne rabin aikin. Da damina hadari ne ke rufe sama. Idan hunturu ya kankama kuma, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa mana hazo, taurari su dushe ko da babu gajimare ko ɗaya. Tsakanin biyun akwai 'yar ƙofa, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, ita ma ba kowace shekara take buɗewa sosai ba. Sannan dole a guji farin wata, domin haskensa yana shafe nebula kamar yadda fitilar titi ke yi. Na lissafa, na tsayar da daren 26 da na 27 ga watan Musulunci, a ƙarshen Nuwamba.

Na tashi daga tashar Zariya bayan sallar asuba. Cikin jakata akwai tsohuwar Canon ɗina, da madubi mai milimita 135, da ƙafa-uku, da na'urar bin taurari wadda girmanta bai wuce rabin bulo ba, da fawabank biyu, da tocila da na ɗaure wa jar leda a baki, da wata farar singileti wankakkiya wadda zan faɗi amfaninta a gaba. Muka bi ta Funtuwa, Tsafe, muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka sha ruwa a Gusau. Hanyar nan kowa ya san ba a yi mata dare, direbanmu ma bai yarda an daɗe a ko'ina ba. A wani shingen bincike aka buɗe jakata, jami'in ya ɗago na'urar da sandar ƙarfenta da ɗan madubin leƙawa da ke cikinta, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan fa?" Na buɗe waya na nuna masa hotunan wata da na taɓa ɗauka. Ya daɗe yana kallon ramukan da ke jikin watan, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani, sannan ya mayar mini da kayana da hannu biyu ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma kada ka kafa wannan abu a daji da dare ba tare da mutanen gari sun sani ba." Shawara ce ta gaskiya, na kuma riƙe ta.

Talata Mafara, Tureta, Dange, Shuni. La'asar sakaliya muka shiga Sakkwato, ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan yayan abokina inda na kwana.

Da safe na ce ba zan fita birnin ba sai na ziyarci Hubbaren Shehu. Na yi addu'a, na fito na zauna a inuwa ina kallon masu ziyara, wasu daga ganin shigarsu ka san daga Nijar suka zo. Abin da ke yawo a kaina a zaune a wurin shi ne wani labari na shekarar 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo garin nan ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya fito da taswirar sama yana nuna masa, sai ya tarar Sarkin ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Kimanin shekara 200 ke nan. Har yau kuma daga fadar garin nan ake jiran sanarwar ganin wata, ƙasa duka ta ɗauki azumi ko ta ajiye. Gari ne da ya saba ɗaga kai sama. Bambancina da su a wannan tafiya, su jinjirin wata suke dako, ni kuwa daren da babu wata nake nema.

Na so a ce gabas muka nufa, wajen Wurno ko madatsar ruwan Goronyo, inda na ga fili shimfiɗe a taswira. Abokina ya girgiza kai, ban kuma ja da shi ba, halin da ake ciki a wancan ɓangaren ba ɓoyayye ba ne. Muka ɗauki hanyar kudu a kan babur ɗinsa, jaka a bayana, ƙafa-uku a ɗaure a gefe. Muka wuce filin jirgi, muka bi ta yankin Sifawa inda Shehu ya zauna wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato, muka bar kwalta bayan Boɗinga muka shiga turɓaya. An gama girbin gero, ana yankan dawa. Raƙuma biyu muka wuce ɗauke da kara, jajayen awaki na kiwo a gonakin da aka kwashe.

Kafin in sauke jaka sai da muka je gaban hakimi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Zazzau, hoton taurari na zo ɗauka." Ya sa na fito da kayan ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, ya juya na'urar a hannunsa, ya tambaya ko tana da alaƙa da jirgin nan marar matuƙi. Na ce ko kusa. Ya aika aka kira shugaban 'yan sintiri, ya gaya masa a gabana cewa in an ga jar wuta tana motsi a bayan gari yau da gobe, baƙonsa ne. Da ɗan gari akan ci gari. Aka ba ni masussuka a bayan masallaci, fili mai tauri, kewaye da manyan rumbunan laka da suke kira ruhewa.

Bayan isha'i na fita. Sai da na yi kusan rabin awa ban duba waya ba, domin ido na buƙatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu, haske fari kuma ko na ƙiftawa ne yana mayar da shi baya. Shi ya sa jar leda a bakin tocila. Da idona ya buɗe sai na ji tsigar jikina ta tashi. Kaza da 'ya'yanta tana can sama ta gabas, 'ya'yan a rarrabe ɗaya-ɗaya yadda ban taɓa ganinsu ba tun ina yaro a gidan kakata. Farin zanen nan da ya ratsa sama kamar burtalin shanu yana kwance daga yamma zuwa arewa maso gabas. Can ƙasa-ƙasa kuma Jauza'a, wanda Turawa ke kira Oriyon, ya fara leƙowa a kishingiɗe, taurarinsa uku na ɗamara a jere a tsaye.

A nan matsalata ta fara. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya a idon kyamara. Da irin madubina, in na buɗe ido fiye da daƙiƙa biyu ko uku, kowane tauraro sai ya zama ɗan layi. Nebula kuwa haskenta rauni gare shi, tana son a buɗe mata ido minti guda ko fiye. Aikin na'urar shi ne ta juya kyamara a hankali daidai da juyin sama, amma ba za ta yi daidai ba sai an saita ƙashin bayanta ya fuskanci tauraron arewa, wanda shi kusan ba ya motsi. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan garinka, a digiri, daga layin da ya raba duniya kudu da arewa. A Ingila ya haura digiri 50, suna ɗaga kai su gan shi, shi ya sa masu koyarwa a YouTube ba su ɗauki abin da wahala ba. A Sakkwato digiri 13 ne kacal. Ka miƙe hannu ka dunƙule, ka ɗora dunƙulen a kan layin ƙasa, ya ɗan ɗara haka kaɗan. Mu kuma da muka zo kudu da birni don saman kudu ya yi mana duhu, sai hasken birnin ya koma arewa, daidai inda nake nema, ga siririn hazo kwance a kansa. Na leƙa, na sake leƙawa, gwiwoyina a ƙasa. Babu shi.

Yara sun kewaye ni tun ɗazu, abokina yana ta kora su baya kada su taɓa ƙafa-uku. Sai na ji sun yi tsit sun buɗa hanya. Wani dattijo ne ya iso da sanda, lulluɓe da bargo, limamin garin. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa ga arewa tun ɗazu?" Na ce, "Baba, wani tauraro ne da ba ya tafiya." Ya ce, "Jadyu?" Na yi shiru, don sunan da Larabawa ke kiransa ke nan, ni kuwa a manhajar waya na san shi da sunan Polaris. Ya ce in ɗauko kayana in biyo shi. Ya kai ni daidai kusurwar masallaci ta baya, ya kama kafaɗata ya juya ni, ya nuna wata giginya da ke tsaye ita kaɗai baƙi ƙirin a jikin hasken birni. "In ka tsaya nan, bisa kanta yaka zama, ɗan hagu kaɗan. Rani da damana nan shi ke. Da shi mahaihina ya gwada man alƙibla."

Na kafa ƙafa-uku a inda ya tsayar da ni, na ɗaga na'urar zuwa digiri 13, na auna saman giginya ɗan hagu kaɗan. Na gwada daƙiƙa 20. Taurari suka fito ɗigo-ɗigo, babu jela. Da na kai 40 suka fara ja, amma ashirin ɗin ma ya ninka abin da zan samu ba na'ura sau bakwai ko takwas, kuma da giginya aka saita shi.

Daren bai ba ni hoto ba. Wajen ƙarfe goma sha biyu hazo ya hauro sama, taurari suka yi kamar an shafa musu man shanu. Amma ban yi asara ba, don Baba Liman bai tafi ba. Aka kawo mana shayi, ya zauna a kan turmi ya karanto mini taurarin shekara: ashirin da takwas, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne kwana goma sha uku, ban da Jabha mai goma sha huɗu, lissafi ya cika 365. Na damina ya fi jaddadawa, Haƙa'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan, yana faɗin wanda ake shuka a cikinsa da wanda in ya wuce shuka ta zama caca. Ya ɗaga sanda ya nuna wasu ƙananan taurari uku a cure kamar duwatsun murhu a kan Jauza'a, ya ce Haƙa'a ke nan. Ni kuma na buɗe manhajar Stellarium da jan haske na karanta masa sunayen da duniya ke kiran taurarin Jauza'a da su a yau: Rigel, Saiph, Mintaka, Alnitak. Ya sa na maimaita a hankali, sai ya yi murmushi ya gyara mini: rijlu, ƙafa, saifu, takobi, minɗaƙa da niɗaƙu, ɗamara. Sunayen da nake ta haddacewa da wahala a matsayin Turanci, ashe shi a allo ya san asalinsu.

Washegari na yi barci har hantsi, na sha fura da nono mai sanyin randa, na zauna da abokina a zaure ina busa ƙura daga madubi. A nan na tambaye shi maganar da ya yi mini a waya. Ya nuna mini turakun wuta da aka kafa a bakin gari, ba waya a kansu. Ya ce ɗalibansa da tocilar waya suke bitar karatu, ungozoma da ita take karɓar haihuwa, cajin wayar ma sai an kai shago mai sola an biya. Na ji kunyar yadda na yi ta yabon duhunsu a daren jiya. Ba na fatan garin nan ya kwana ɗaya a cikin duhu saboda ni in sami hoto. Ina roƙon Allah ya kawo musu wuta. Abin da nake fata kawai, ranar da za a kafa fitilun, a sa musu hula su haska ƙasa inda mutane ke tafiya, don fitilar da ke watsa haske sama ba ta amfani kowa, kuɗi take ƙonawa, tana kuma shafe littafin da Baba Liman ke karantawa.

Da yamma iska ta kwanta. Na tsaya ina kallon rana, don ita ce ma'aunina. Ranar hazo takan zama farin faranti ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Ranar nan kuwa ja wur ta sauka har ta taɓa kan itatuwa.

Ƙarfe takwas na durƙusa a kusurwar masallaci, ga Jadyu bisa giginya, ɗan hagu kaɗan. Na kama shi a cikin madubin leƙawa, na ɗora shi a kan da'irar da ke ciki a gurbin da manhaja ta nuna, domin shi ma ba a kan cibiyar sama yake daidai ba, ya kauce da abin da bai kai digiri ɗaya ba. Saura saita gani, wanda a duhu ya fi komai ba da wahala. Ina da wani murfi mai tsaga-tsaga da na yanka daga baƙin kwali da reza, irin wanda wani ɗan Rasha mai sha'awar taurari, Pavel Bahtinov, ya ƙirƙiro a 2005. In ka rufa shi a bakin madubi ka auna tauraro mai haske, sai ka ga layuka uku sun gitta juna. Kana murɗawa na tsakiya na matsawa, in ya zauna daidai tsakiya to gani ya yi kaifi. Na yi da Rigel, na manne zoben da salatif kada ya motsa. Na jira har ƙarfe goma da rabi Jauza'a ya hau sosai ya fita daga ƙurar ƙasa, na daidaita hoto yadda ɗamara za ta kasance a gefe guda, takobin da ke rataye a jikinta a ɗaya gefen. Na sa daƙiƙa 60, na danna, na ja da baya.

Minti guda a irin wannan wuri yana da tsawo. Ana jin kukan gyare da tukar awaki, da ɗan ƙaran na'urar kamar agogo. Kyamara ta yi ƙyas. Na sunkuya.

A tsakiyar takobin, inda ido ke ganin wani ɗan tauraro mai dishi-dishi, ga wani abu kamar tsuntsu ya buɗe fukafukai, cikinsa fari, gefensa ruwan hoda mai ja, bakinsa na narkewa cikin toka-toka. Nebular Oriyon ke nan, lamba 42 a jerin da Bafaranshen nan Charles Messier ya tara. Na sha ganinta a hotunan wasu, amma wannan ta saman garin nan ce, a wannan minti. Yara suka yi layi, kowa ya leƙa allon ya ɗaga kai ya nemi wurin a sama ya sake leƙawa. Wata yarinya ta ce, "To mi ya sa mu ba mu ganin jan?" Na ce mata idon mutum a duhu ba ya rarrabe launi, kuma ba ya tara haske, abin da ya shigo yanzu shi yake gani ya wuce. Kyamara kuwa kamar randa ce a ƙarƙashin indararo, tana tarawa. Jan kuma na iskar haidirojin ne: a cikin farin nan akwai jariran taurari huɗu masu tsananin zafi, haskensu ke dukan iskar, ita kuma ta mayar da jan haske. Inda ya yi kore-kore, oksijin ne.

Baba Liman ya sa tabarau ya daɗe a sunkuye. Ya tambayi nisanta. Na ce haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma da wannan gudun sai ya yi shekara kusan 1,350 kafin ya iso nan daga can. Faɗinta kaɗai tafiyar shekara ashirin da wani abu ce ga haske. Ya yi lissafi da yatsu, leɓɓansa na motsi, sannan ya ce, "Ashe wanga haske tun ƙarnin hwarko na Hijira ya taso." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Tabarakallah," ya koma kan turminsa. Can da wani tauraro mai tsananin haske ya hau ta kudu maso gabas yana walƙiya shuɗi da fari, ya nuna shi ya ce Shi'ira, ya karanta ayar Suratun Najmi da ta ambace shi.

Daga nan aiki ya koma haƙuri. Hoto ɗaya na minti guda cike yake da yashi-yashi, wanda wani daga ƙarancin haske yake zuwa, wani daga zafin kyamarar kanta. Maganinsa a ɗauki hoto iri ɗaya da yawa a ɗora su kan juna a kwamfuta: abin da ke sama da gaske yana nan a kowane hoto, yashin kuwa yana canza wuri, sai ya lafa. Amma ba ya lafawa da araha. Hoto huɗu ke rage shi rabi, in kana son ya ragu sau goma sai ka kawo ɗari. Da yayyafi kogi kan cika. Na sa kyamara ta yi ta ɗauka da kanta, na kuma ɗauki wasu gajeru na daƙiƙa biyar saboda cikin nebular, inda taurari huɗun nan suke, yana ƙonewa fari a minti guda.

Ina zaune ina tunanin waɗanda suka fara. Mutumin da ya fara ɗaukar hoton nebula a tarihi likita ne a Amurka, Henry Draper, a watan Satumban 1880, wannan nebular ce kuma ya ɗauka, ya buɗe mata ido kusan minti 50 ya sami ɗan abin da bai kai rabin na allona ba. Shi ma ba da taurari yake cin abinci ba. Can kuma kusa da Alnitak, inda nake fatan wani abu zai fito, akwai baƙin gajimaren da ake kira Kan Doki. Wata mata ce, Williamina Fleming, ta gano shi a jikin farantin hoto a cibiyar binciken taurari ta jami'ar Harvard a 1888, ita da ta fara da aikatau a gidan shugaban wurin.

Wani mai babur ya ɓullo daga hanyar gona da fitila a kunne, ya kashe mini hoto uku. Da 'yan sintiri suka yi masa magana ya kashe fitilar ya turo babur ɗin da hannu, ya zo ya ba da haƙuri, ya tsaya kallo har kusan awa. Wani abin kuma da na lura, a hotuna da yawa akwai siraran layuka miƙaƙƙu da ke ratsa gefen ɗamara, duk a turba ɗaya. Taurarin ɗan'adam ne, irin waɗanda dish ɗin gidajenmu ke kallo. Su a tsaye suke a kan wuri guda, kyamarata ce ke bin sama tana wuce su. Daga inda Sakkwato take, jerinsu yana faɗowa kusan daidai kan Kan Doki. Manhajar ɗora hotuna tana share su, tunda ba sa maimaita gurbi ɗaya.

Ƙarfe biyu Jauza'a ya kusa tsakar ka, tauraron Suhailu ya fito ƙasa ta kudu. Sanyi ya sauko na gaske, irin mai shiga ƙashi, yara duk sun watse, fawabank na farko ya mutu na sauya. Matar abokina ta aiko da bargo da kunu a fulas. Baba Liman ya tafi ya ɗan runtsa. Ni da abokina muka zauna jingine da ruhewa, ba mai cewa komai, kowane minti kyamara na ƙyas. Wajen huɗu na rufe bakin madubi na ɗauki hotunan duhu zalla guda ashirin, don kwamfuta ta gane yashin da zafin kyamara ke haifarwa ta cire shi. Ladan ya yi kiran farko. Kafin a tayar da salla tsohon wata ya fito ta gabas siriri kamar yankan farce. Da gari ya fara wayewa na ɗaure farar singiletin nan a bakin madubi na ɗaga sama na ɗauki wasu ashirin, su ne ke nuna inda ƙura ta zauna a ciki da inda gefen hoto ya dushe. A ƙasar nan, wanda ya tsallake wannan mataki zai ga tabon ƙura kamar ƙwandala a fuskar nebularsa.

A birni na haɗa su, a ɗakin yayan abokina mai sola, da manhajar Siril wadda kyauta ce. Cikin hotuna 160 na zubar da 41, na babur da na iska da waɗanda ƙafar wani ta girgiza. Sauran suka ba ni kusan awa biyu na haske. Da kwamfuta ta gama, allon baƙi ne da 'yan ɗige-ɗige, haka yake fitowa kullum. Na fara jan hasken a hankali. Fukafukan suka buɗe suka ninka na daren jiya, ƙura ruwan ƙasa ta bayyana tana murɗe a kewaye, gefen Alnitak wani gajimare mai kama da harshen wuta ya tashi. A ƙasansa, jikin wani jan labule mai rauni, ga ɗan baƙin abu bai fi ƙwayar shinkafa ba, da wuya da hanci da kunne. Na kira duk mutanen gidan.

Na wanke hoton babba a wani shago kusa da babbar kasuwa, na ba abokina ya kai wa Baba Liman, wani kuma ga hakimi, na kama hanyar Zariya da sassafe. Muna Talata Mafara wayata ta yi ƙara. Abokina ne. Ya ce Baba ya karɓa, ya sa albarka, ya juya hoton sama da ƙasa, sannan ya ce a tambaye ni, ina Haƙa'a?

Ba ta ciki. Tana sama da ɗamara da fiye da digiri goma, madubina bai kai can ba. Abin da ban gaya masa ba a daren, don ban so in yi alkawarin da kayana ba za su cika ba, shi ne taurarin nan uku nasa suna zaune ne a tsakiyar wani ƙaton zoben haidirojin, ja, wanda faɗinsa a sama ya ninka farin wata fiye da sau goma. Kyamara irin tawa tana da wani gilashi a gaban sensa, wato ɗan allon da ke kama haske a cikinta, da ke tare mafi yawan wannan jan haske don fatar amarya ta fito daidai, sai an cire shi zoben ke fitowa sosai. Na ce wa abokina ya gaya masa a bar mini kusurwar masallaci ƙarshen kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu. Tun a motar na fara lissafin bikin da zan ɗauka nawa kafin in sayi kyamara ta biyu da zan cire wa gilashin.